Kwana Huɗu a Sakkwato Tare da Masu Zagayen Kangaye

Mun bar Funtuwa ana idar da sallar asuba. Direban bai tsaya jiran mutum na ƙarshe ba, ya ce gara ya yi asarar kuɗin kujera ɗaya da a ce yamma ta riske shi tsakanin Tsafe da Talatar Mafara. Babu wanda ya musa masa. Duk mai bin hanyar nan a 'yan shekarun nan ya san yadda mota ke yin tsit da zarar an wuce 'Yankara, wani ya shiga jan carbi, wani ya zuba wa daji ido. Sai da muka ga Tureta sannan wata tsohuwa a bayana ta kwance ƙullin gyaɗarta ta fara miƙa wa mutane. Mun shiga Sakkwato hazo ya lulluɓe gari, rana ta yi fari fat kamar wata, kana iya kallonta ido da ido.

Abu biyu suka kai ni. Na farko ziyarar Hubbaren Shehu, wadda na daɗe ina ɗagawa. Na biyu wani abokina na ƙuruciya da muka tashi katanga ɗaya. Bahaushe ne gaba da baya, asalinsu daga ƙauyukan Malumfashi, kuma Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika. Mahaifinsa katikis ne, wato mai koyar da addini a coci, har ya koma ga Allah. Da Sallah a gidanmu yake cin tuwo, da Kirsimeti Innarsa ke aiko mana da shinkafa, kuma kullum Babana ake kira ya yanka kazar don mu ma mu ci. Aikin kafinta ya kai shi Sakkwato, ya yi aure a can, daga baya ya ɗauko Inna.

Inna ta tsufa ƙwarai, amma idonta bai manta ni ba.

"Ɗan nan, kai ne ka yi furfura haka? Yaya ka baro min ƙawata?"

Na ce, "Tana gaishe ki, Inna. Ta ce ki yafe mata, ƙafa ce ta hana ta."

Ta sa aka dama mini fura, aka shimfiɗa tabarma a ɗakin baƙi, ta nuna mini gabas da hannu tun kafin in tambaya. A bangon falonsu akwai kalanda mai hoton wani Bishop. Ta ce, "Ka san shi? Ɗan wajenmu ne." Gerald Mamman Musa ke nan, wanda aka ba sabuwar dayosis ta Katsina, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin Bishop ɗaya, da aka yanke daga ta Sakkwato a 2023. Kafin nan har cocin garinmu Funtuwa a ƙarƙashin Sakkwato yake.

Bayan la'asar abokina ya ce zai fita, yau ranar zagayensu ce. Na ce zagayen me? Ya ce, "Kangaye. In ba ka gaji ba, mutumina, taso ka gani. Gani ya kori ji."

A bayan wani ƙaramin coci muka tarar da mata biyar na Zumuntar Mata ƙarƙashin rumfar kwano, da manyan tukwane biyu a kan murhun duwatsu. Shinkafa da wake ce, da mai da yaji. Wata Sista, dattijuwa doguwa mai Hausar kudancin Kaduna, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana ƙirga robobi masu murfi. Ta amsa gaisuwata, ta ce, "Malam, sannu da hanya. Wanke hannu ka kama mana rufewa." Ina rufewa na tambaye ta me ya sa ba sa ƙullawa a leda, tun da ya fi sauƙi. Ta ce leda ta wanda ba za ka sake gani ba ce. Roba kuwa dole ka koma ka karɓo, in ka koma dole ka yi sallama, in ka yi sallama dole ka ji yadda aka kwana.

Ba su kai mutum ashirin ba. Akwai abokina kafinta, da wata malamar asibiti da ta yi ritaya, da mai Keke Napep, da Inyamurai biyu masu sayar da kayan gyaran mota, da 'yan ɗalibai. Tsarin da suke bi na ƙungiyar Vincent de Paul ne, wadda wani ɗalibi mai suna Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a birnin Paris na Faransa a 1833. Ƙa'idarta ita ce ba a zama a jira mabuƙaci ya zo ƙofa. Ana zuwa a same shi inda yake, kuma bibbiyu ake tafiya. A ɗan ofishin da suke ajiye buhunan hatsi na ga hotunan Bishop huɗu da suka riƙe Sakkwato a jere: Turawa biyu 'yan Amurka na ƙungiyar Dominikan, Edward Lawton da Michael Dempsey, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah wanda ke riƙe da kujerar tun 2011. Tun 1964 Sakkwato ta zama dayosis. Na yi shekaru ina jin sunan Kukah a rediyo, ana yabo ana suka, amma ban taɓa tunanin akwai rumfar kwano irin wannan a ƙarƙashinsa ba.

A ƙasar Hausa da muka tashi muka gani, da wuya ka ji an ce wane ba shi da wurin kwana. Zaure na nan. Baƙo ya yi sallama da magariba, a ba shi tabarma da buta da ƙwaryar tuwo, ba a tambayarsa ranar tafiya sai ya kwana uku. Baƙonka annabinka, haka aka koya mana. Abin da ya faru shi ne baƙin sun fi ƙarfin zaure. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, da maƙwabtansu na Zamfara, mutane ke ta kwararowa. Wasu sun tsallaka Maraɗi a Nijar. Wasu suna sansani. Masu yawa kuwa sun bazu cikin birni, babu takarda babu rajista, suna fakewa a gine-ginen da masu su suka fara suka kasa ƙarasawa.

Kangon farko da muka shiga an tsaya da ginin ne a linta. Babu rufi sai a ɗaki biyu da aka ɗora wa tsofaffin kwanuka aka danne da bulo. An toshe tagogi da buhunan siminti da yagaggen gidan sauro. Gida tara ne a ciki, kowane da kusurwarsa, zani ne katanga tsakaninsu. Sanyin hunturun Sakkwato ba wasa ba ne, iska na shigowa ta sama ta ƙasa, yara duk ƙafafunsu sun yi kaushi sun tsattsage. Amma an share tsakar wurin tas, an jera butoci a gefe, an kewaye wani ɗan fili da duwatsu an mai da shi masallaci.

Abokina ya durƙusa gaban wani dattijo, ya gaishe shi da sunansa, ya tambayi tarin da yake yi. Malamar asibiti ta wuce wajen mata. Ni kuma dattijon ya dube ni, ya ga hula da carbi, ya matsa mini a kan buzunsa.

"Mallam, daga ina?"

Na ce, "Daga Funtuwa, Baba."

"Ƙasar auduga. Ɗana, kak ka gan mu haka, mu ba mabarata na ba. Rumbu ukku gare ni, da shanun huɗa biyu. Da dare sunka zo. Munka hito da kayan jikinmu."

Ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya zaro wata ƙaramar gorar ruwa ta roba, an naɗe bakinta da tsumma. Gero ne a ciki, bai kai rabin gwangwani ba. Ya zuba kaɗan a tafin hannuna. Ƙwayar ta yi jajir, akwai toka a jikinta don kada ƙwari su ci.

"Wanga iri na ubana na. Shi ɗai na ɗauko."

Daga baya abokina ya gaya mini akwai lokacin da suka same su sun yi kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, jikokinsa na kuka, gorar nan tana aljihunsa bai buɗe ta ba. Na mayar masa da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta maƙale tsakanin yatsuna.

Kango huɗu muka zaga a daren, da wata rumfar mai shayi kusa da tasha inda maza marasa iyali ke kwana a kan benci in an tashi. An raba barguna goma sha biyu. Sista ta ce da kuɗin baikon da aka tara a coci a Ranar Matalauta aka saye su, ranar da Fafaroma Francis ya ƙirƙiro a 2016 aka fara yin ta a 2017, ake yin ta wata Lahadi a cikin Nuwamba.

A hanyar komawa cikin keke na kasa riƙe abin da ke cina. Na ce, "Sista, ki yi mini haƙuri da tambayar da zan yi. Mutanen nan duk Musulmi ne. Mutane da yawa a wajenmu za su ce da wata manufa kuke yi."

Ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "Malam, an sha faɗa mana, kuma ban ga laifin mai tsoro a kan addinin 'ya'yansa ba. Shi ya sa ba ma shiga kango sai mun fara zuwa wajen mai unguwa da liman. Ba ma ɗaukar yaro mu kai ko'ina ba da iyayensa ba. In za mu sa nama, wajen mahauta muke saye a kasuwa. Da azuminku, sai dab da magariba muke kawowa. Addu'armu a coci muke yin ta kafin mu fito, mu bar ta can." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce abin da ke fito da su yana cikin Linjila, inda aka ce ranar hisabi za a tambayi mutum game da mayunwaci da baƙo da marar tufa da majinyaci da ɗan kurkuku. Na ce mata mu ma muna da hadisi mai kama da wannan. Ta ce ta sani, wani limami ya taɓa karanta mata.

Abokina ne ya ɗauko maganar watan Mayun 2022, ba ni ba. Bayan kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, aka farfasa tagogin babban cocinsu na Holy Family. Ya ce a kwanakin nan maƙwabcinsa Musulmi ne ya zo ya ɗauki Inna ya kai ta ɗakin matarsa. Sun dakatar da zagaye, wasu daga cikinsu ma suka ce an gama ke nan. Ana nan sai ga wani yaro daga ɗaya daga cikin kangayen, ɗauke da robobi a buhu, an wanke su. Iyayensa suka aiko shi ya mayar, kuma ya dubo ko lafiya. Muryar abokina ta sauya da ya zo nan, sai muka bar maganar.

Washegari na tafi Hubbare ni kaɗai. Na cire takalmi, na shiga, na yi wa Shehu Usmanu addu'a, shi da waɗanda ke kwance kusa da shi. Tun 1817 yake nan, a garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809, kuma har yau ƙafa ba ta ɗaukewa, daga Nijar, daga Adamawa, daga ko'ina. Na daɗe a zaune. Da na fito, cikin matan da ke jere a bakin hanya suna karɓar sadaka, na hango wata da na gani jiya a kangon farko tana tankaɗe. Ita ma ta gane ni. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa hanya baya har na wuce. Kuɗin da na riga na ciro suka tsaya a hannuna. Da ban san ta ba da na jefa mata a kwano na yi gaba, kamar yadda na saba yi ta tagar mota shekara da shekaru, ina jin na sauke nauyi. Da yamma na ba malamar asibiti ta kai mata a ɓoye.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Mafi yawan nauyin mutanen nan a wuyan Musulmin Sakkwato yake: maƙwabtan da ke ba su ruwa daga famfonsu, masallatan da ke tara musu taro da sisi bayan sallah, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, da masu kangayen da suka kau da kai suka bar su suka zauna. Tukunya biyu ba za ta ciyar da birni ba, su ma masu tukunyar sun fi kowa sani. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Littafi ne.

Na gan shi a rana ta uku, wajen taronsu na mako. Suka buɗe da addu'a, ni ina waje a kan benci, sannan suka kira ni. Aka zagaya da wata baƙar jaka, kowa ya tura hannu a dunƙule ya fito da shi a buɗe, babu wanda ya san abin da wani ya saka. Sai aka buɗe wani babban littafi mai bangon kwali, irin na rajistar makaranta. Kowane mutum da layinsa: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, kangon da yake, abin da ke damunsa. Wance cikinta wata bakwai, ba ta fara awo ba. Wane katinsa na ɗan ƙasa ya ƙone a gida, ba shi da abin nunawa in ana rabon tallafi. Yara shida sun isa shiga aji ɗaya, shugaban makaranta na neman takardar haihuwa. Kowane layi sai an ce wa zai bi shi, kuma mako mai zuwa za a tambaye shi. Wanda ya fi ƙarfinsu su rubuta wa ofishin adalci da zaman lafiya na dayosis. Rabon abinci awa biyu ne. Wannan bin layin ofis da asibiti da ƙofar masu unguwa shi ke cinye musu mako.

Maganar da ta fi zafi a ranar ita ce ta kangon dattijo mai iri. Mai ginin ya aiko cewa su tashi cikin kwana bakwai, zai ci gaba da aiki. Da la'asar muka ɗunguma gidansa, abokina da Sista da mai unguwa da limamin unguwar, ni ma na bi. Na tafi da zaton zan ga azzalumi. Sai na tarar da tsohon ma'aikaci, rigarsa ta koɗe, an biya shi kuɗin sallama bayan dogon jira, yana so ya rufa ginin kafin siminti ya ƙara tashi, shi ma haya yake biya. Ya ce, "Shekara biyu na bar su ban karɓi ko kwabo ba. Yanzu kuma ni ne mugu?" Liman ya ce babu mai cewa haka, Alhaji, Allah ya ga abin da ka yi. Aka yi ta jan magana har aka kira magariba. Mu muka tashi muka yi sallah, su suka jira a waje. Da aka dawo abokina ya kawo shawara: a fara rufin daga ɓangaren gabas, mutanen su koma yamma, shi zai yi aikin katako a kan rabin kuɗi, mazan kangon su yi lebura da gadin kaya a biya su. In sanyi ya wuce a san inda za a mai da su. Alhaji ya yi shiru yana murza hula a gwiwa. Ya ce, "Zuwa ƙarshen Fabrairu. Ban ƙara kwana ɗaya." Mai unguwa ya ce a yi fatiha. Ba a warware matsalar ba, an dai sayi wata biyu, kuma a hanya Sista ta riga ta fara lissafin wanda za a je a roƙa fili.

Ranar da zan tafi, tun kafin gari ya waye wayar abokina ta yi ƙara. Mai shayin bakin tasha ne. Ɗaya daga cikin masu kwana a bencinsa bai tashi ba.

Mun same shi a kwance ta gefen dama, lulluɓe da sabon bargon nan. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, yana dako a tasha in ya samu. Mai shayi ya ce wata huɗu yana kwana a nan, da laƙabi kawai ya san shi. Aka sanar da mai unguwa da hukuma, aka yi abin da doka ta ce. Sista ta aika aka ɗauko littafin. Ga shi nan a shafi na kusa da ƙarshe, da rubutun ɗaya daga cikin ɗaliban: sunansa, sunan mahaifinsa, wani ƙauye a ƙasar Isa, da kalma biyu, ciwon ƙirji. An sa ranar kai shi asibiti, jibi.

Ba su taɓa gawar ba. Abokina ya ce, "Wannan naku ne, mutumina. Namu mu kawo abin da ake buƙata." Daga baƙar jakar jiya aka sayo farin yadi da sabulu da turare. Shi kuma ya koma shagonsa ya yanko itacen da za a jera a kabari, ya auna da ido, ya ɗauko a kafaɗa. Liman da ladan suka yi wanka, ni na zuba ruwa. Mai shayi ya bi tasha yana shela, direbobi da 'yan kamasho da masu dako suka ajiye abin da suke yi. Dattijo mai iri ya zo da mazan kangonsu, ya ce ai ƙasarsu ɗaya, ya san garin, ya taɓa cin kasuwarsu. Muka yi sahu uku. Da liman zai sanar da wanda za a sallata, sai ya duba 'yar takardar da aka kwafo masa daga littafin, ya kira sunan mamacin da na ubansa. Can nesa ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro abokina na tsaye ya cire hula, Sista na gefensa ta sunkuyar da kai. Suna nan har muka dawo daga maƙabarta.

Na makara, motar farko ta tafi, sai ta biyu. Dattijon ya rako ni har bakin mota, yana ta sa albarka. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in ka bi hanya ka duba muna. In ka ga an yi girbi, ka aiko."

Na ce, "Baba, ai ba hanyar garinku zan bi ba."

Ya ce, "Ko ina na. Ka dai duba."

Bayan mun wuce Dange na fara duba ta taga. Wasu gonakin ciyawa ta cinye su, ba a ko yi huɗa ba. Amma kafin Tureta na ga wani ƙauye an jingine dammunan dawa a jikin rumbuna, mata na sussuka, ƙaiƙayi na tashi cikin hazo. Na ciro waya na kira abokina, na ce in ya je karɓo robobi da yamma ya gaya wa Baba.